Me Ya Haɗa Kifi Da Kaska? Ɗalibin Hausa Da Tsohon Adabin Amurka

Gabatarwa

A hutun zangon karatun da ya wuce na je gida Suleja. Wata rana da yamma ina dawowa daga kasuwa sai na tsaya wurin wani mai baza tsofaffin littattafai a bakin titi. A cikin tarin littattafan lissafi da na jarrabawar fita sakandare na hango wani ɗan littafi, bangonsa ya yage, ruwa ya taɓa gefensa. Sunansa Walden, na wani Ba'amurke mai suna Henry David Thoreau. Mai kayan bai ma tsaya ciniki ba, da alama littafin ya daɗe yana tare masa wuri. Da muka dawo makaranta, ina kwance a ɗaki ina fama da shi da ƙamus a gefena, sai wani abokin karatuna ya ɗaga bangon ya duba, ya tuntsire da dariya ya ce, "Malam, me ya haɗa kifi da kaska? Kai da ka zo koyon Hausa, ko Magana Jari Ce ba ka gama da ita ba, ina kai ina littafin Amurkawa?"

Na taya shi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni harshen gidanmu Gbagyi ne, wanda Hausawa ke kira Gwari. Hausa a unguwa da kasuwa da makaranta na tsince ta, har ta zama abin da na zaɓa in karanta a jami'a. Wanda ya shigo harshe ta ƙofar baƙi ya san cewa aro ba abin kunya ba ne, domin duk abin da yake faɗa yau, jiya a bakin wani ya ji shi. Saboda haka na ga ya dace in amsa wa abokina a wannan mujalla tamu, inda sauran 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu za su yi mana alƙalanci. Ra'ayina shi ne: ya kamata ɗalibin Hausa ya karanta tsohon adabin Amurka na ƙarni na 19 da falsafar da ke cikinsa, ya auna shi da ma'aunin Hausa, sannan ya juyo da mafi amfaninsa zuwa Hausa. Ga dalilaina.

Su Wane Ne Waɗannan Marubuta?

A farkon ƙarni na 19 Amurka tana da 'yancin siyasa, amma a fagen adabi 'yar amshin shatan Ingila ce. Abin da aka rubuta a Landan shi ne littafi, abin da aka rubuta a gida kuwa kwaikwayo ne. A ranar 31 ga Agusta, 1837, wani malami mai suna Ralph Waldo Emerson ya yi lacca ga masu ilmi na Jami'ar Harvard, wadda aka fi sani da The American Scholar. Abin da ya gaya musu a taƙaice shi ne, sun daɗe suna sauraren Turai, lokaci ya yi da za su dubi abin da ke gabansu, su yi tunani da kawunansu, su rubuta rayuwar manomi da ɗan kasuwa da talakan ƙasarsu. Ya kuma ja kunnensu cewa littafi abin zaburar da hankali ne, wanda ya mai da shi gunki ya zama aku mai maimaita maganar wasu.

Cikin shekaru ashirin da wannan lacca sai ga littattafan da yau ake kira ginshiƙan adabin Amurka sun fito ɗaya bayan ɗaya: maƙalar Emerson mai suna Self-Reliance a 1841, tarihin rayuwar Frederick Douglass a 1845, Moby-Dick na Herman Melville a 1851, Walden a 1854, da waƙoƙin Walt Whitman a 1855. Abin da ya haɗa su shi ne, kowannensu labari ne ko waƙa ko maƙala da aka cusa wa tambaya ta falsafa: mene ne 'yanci, mene ne wadata, wa ya fi cancanta a yi wa biyayya tsakanin hukuma da zuciya.

Ya kai mai karatu, ka sake duba maganar Emerson, ka ɗora ta a kan kundayen digirin da ke jibge a ɗakin karatun sashenmu. Shafi nawa ne ke farawa da "masana sun ce", ya ƙare da "kamar yadda wane ya faɗa", ba tare da ɗalibin ya ce uffan daga cikinsa ba? Ciwon da Emerson ya gani a Harvard a 1837 ai shi ne ke damunmu.

Thoreau A Tashar Motar Suleja

Thoreau almajirin Emerson ne, ɗan garin Concord a jihar Massachusetts, an haife shi a 1817 ya rasu a 1862. A ranar 4 ga Yuli, 1845, ya kwashe 'yan komatsansa ya koma bakin wani tafki da ake kira Walden, ya zauna a wata 'yar bukkar katako da ya gina da hannunsa a kan kuɗi dala 28 da 'yan kai. Ya yi shekara biyu da wata biyu a can, yana noman wake, yana karatu, yana rubuta duk abin da ya kashe da abin da ya samu. Tambayar da ya je nema wa amsa ita ce: me mutum yake bukata da gaske don ya rayu, me kuma yake wahala a kansa don kawai ya ga maƙwabci yana da shi? Ma'aunin da ya fito da shi mai sauƙi ne. A wurinsa farashin kowane kaya shi ne yawan kwanakin ranka da ka bayar kafin ka mallake shi. Har misali ya kawo da jirgin ƙasa: tafiya ce ta mil talatin, kuɗin jirgi ya kusa ladan aikin yini guda, don haka wanda ya taka da ƙafa tun safe zai riga wanda ya tsaya neman kuɗin tikiti isa.

Ban fahimci wannan lissafi sosai ba sai da na tuna tashar motarmu. Kowa ya san tarihin garinmu. Abu Ja ne ya kafa shi a 1828 bayan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi, kuma sunansa Abuja har zuwa 1976 da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin tarayya, garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, Suleja ta zama ɗakin kwanan ma'aikatan da kuɗin hayar birnin ya fi ƙarfinsu. Ka je tasha tun kafin gari ya waye ka ga masinja da direba da akawu da mai shara suna kokawar shiga mota, su bi ta Madalla, su wuce Dutsen Zuma, su faɗa cunkoson Zuba, ba za su dawo ba sai bayan isha'i. Akwai maƙwabcinmu da 'ya'yansa ba sa ganinsa ido biyu sai ranar Asabar. Idan ya zauna ya cire kuɗin mota da na abincin rana daga albashinsa, ya kuma lissafa sa'o'in da hanya ke cinyewa, me ya rage masa?

Ba cewa nake ya ajiye aiki ya shiga daji ba, kuma babu mai taka ƙafa daga Suleja zuwa sakatariya. Amma tambayar Thoreau tambaya ce da ta dace a yi ta da Hausa, a tashar mota, a gaban mutumin da ta shafa. Kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Waƙoƙin zuhudu da wa'azi da muke nazari a aji, tun daga na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Nana Asma'u har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi, cike suke da gargaɗi a kan ruɗin duniya. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya bar rundunar jihadi saboda ganin yadda son mulki da dukiya ya shiga zukatan jama'a, ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Bambancin a fili yake: malamanmu suna gudun duniya ne don lahira, Thoreau kuwa yana rage kaya ne don ya ji daɗin rayuwar duniyar kanta. Wannan kamanci da wannan bambanci kaɗai sun isa kundin digiri guda mai armashi.

Haraji Da Kwana Ɗaya A Kurkuku

A watan Yuli na 1846, yana zaune a Walden, Thoreau ya shigo gari sai aka kama shi aka kulle saboda ya yi shekaru bai biya harajin kai ba. Dalilinsa shi ne ba zai ba da kuɗinsa ga gwamnatin da ta halatta bauta, kuma take yaƙin cin ƙasa da Meziko ba. Kwana ɗaya ya yi, wani ya biya masa ba da saninsa ba, aka sake shi. Daga wannan dare ya rubuta maƙalar da aka buga a 1849, wadda daga baya ta shahara da sunan Civil Disobedience. Hujjarsa ita ce, idan doka ta tilasta maka ka zama hannun da za a zalunci wani da shi, to ka ƙi bin ta a fili, ba da makami ba, kuma ka yarda da hukuncin da zai biyo baya.

Wannan 'yar maƙala ta yi tafiya mai nisa. Gandhi ya karanta ta a Afirka ta Kudu har ya buga sassanta a jaridarsa a 1907. Martin Luther King ya karanta ta yana ɗalibi a kwaleji. Mu kuma a nan Arewa sanannen abu ne cewa Malam Aminu Kano yana ganin girman Gandhi da hanyarsa ta gwagwarmaya ba tare da zub da jini ba. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, sun sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka da kotunan En'e, kuma haraji da jangali suna cikin manyan abubuwan da suka yi ta kuka a kansu, har sai da gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su a 1979. Tun kafin wannan ma, Shehu Usmanu ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙi. Ashe ke nan muhawara a kan haraji da iyakar biyayya ga mai mulki tsohuwar muhawara ce a ƙasar Hausa. Ɗalibin da ya karanta waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mudi Sipikin, ya kuma karanta Thoreau, zai ga cewa kogi biyu ne da suka taso daga duwatsu daban-daban suka haɗu a mashaya ɗaya.

Muna Da Gado A Cikin Gidan

Ga hujjar da na fi so abokina ya saurara. A shekarar da aka buga Walden, wato 1854, an buga wani ɗan littafi a birnin Detroit, tarihin rayuwar wani mutum mai suna Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, garin da ke kan hanyar fataken goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, kamar yadda littafin ya nuna. An kama shi bawa, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Birazil wajen 1845. A 1847 jirgin ubangidansa ya kai kofi Niyok, a can ya tsere da taimakon masu yaƙi da bauta. Ya zauna a Haiti inda ya shiga addinin Kirista, ya dawo Amurka ya yi karatu a wata kwaleji a jihar Niyok, sannan ya ba da labarinsa aka buga. Babban burinsa shi ne ya komo Afirka. Ɗan Bakatsiniya ke nan, yana cikin jerin marubutan labaran bayi na Amurka, Turawa suna nazarinsa, masana tarihi Robin Law da Paul Lovejoy sun sake fito da littafin da sharhi a 2001, mu 'yan'uwan mahaifiyarsa da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Akwai kuma Nicholas Said, ɗan Kukawa ta Borno, wanda aka kama yana saurayi, bauta ta bi da shi Tarabulus da Santambul har Rasha, ya isa Amurka a 1860, ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta Arewa a yaƙin basasarsu a 1863. A 1867 labarinsa ya fito a mujallar Atlantic Monthly, mujallar da Emerson yana cikin waɗanda suka kafa ta, cikakken littafinsa kuma ya fito a 1873.

To idan muka ɗora waɗannan a gefen Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da labarin Dorugu ɗan Damagaram wanda ya bi Barth zuwa Turai, Schön ya buga a Magana Hausa a 1885, za mu ga labarin bauta ta fuskoki da dama. Sai mu ƙara da na Frederick Douglass, wanda aka haifa bawa a Maryland ya tsere a 1838. Douglass ya ba da labarin yadda uwargijiyarsa ta fara koya masa baƙaƙe, maigidan ya hana, yana cewa karatu zai ɓata bawa. Daga nan yaron ya gane inda makullin yake, ya riƙa ba yaran Turawa matalauta burodi suna biyansa da darasi. Shaihu Umar ya fuskanci bauta da haƙuri da tawakkali da neman ilmi, Douglass ya fuskance ta da ilmi da fushi da gudu. Wanne ya fi? Me ya sa marubucin Bauci ya zaɓi wannan murya, na Maryland ya zaɓi waccan? Wa kowannensu yake rubuta wa? Waɗannan tambayoyi ne na nazarin adabin Hausa tsantsa, amma ba za ka iya yin su ba sai ka leƙa ɗaya gidan.

Hausar Titi Da Turancin Titi

Abu na gaba ya shafe ni kai-tsaye. A 1885 Mark Twain ya fito da Huckleberry Finn a Amurka, labarin wani yaro marar gata da wani bawa mai suna Jim da suka gudu tare a kan kogin Misisipi. Yaron ne ke ba da labarin da bakinsa, da karyayyen Turancin ƙauye. An koya masa cewa taimakon bawa ya gudu zunubi ne, zuciyarsa kuma ta ƙi yarda ya ci amanar abokinsa, kuma a ƙarshe zuciyar ya bi. A shekarar da littafin ya fito, ɗakin karatu na Concord, garin su Emerson da Thoreau, ya hana ajiye shi, wai shara ne. Yau yana sahun gaba a adabinsu.

Mu da muka tashi da Hausar Suleja, wadda Gbagyi da Koro da Nupe da Turancin buroka suka yi wa ado, mun san yadda ake murmushi idan muka maida mace namiji a magana. Mun kuma san irin kallon da aka yi wa littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano a shekarun 1990. Ba ina cewa a watsar da daidaitacciyar Hausa ba ne, ita ce gadar da ta haɗa mu duka, kuma ita nake wahalar koyo. Darasin Twain shi ne, harshen da ake rainawa yana iya ɗaukar tambaya mafi nauyi idan ya sami gwani.

Ƙorafe-Ƙorafen Da Ke Da Ƙarfi

Ba zan ɓoye cewa masu suka suna da abin faɗa ba. Na farko shi ne batun aƙida. Emerson limamin coci ne da ya ajiye aikin a 1832, kuma ra'ayinsa game da Ubangiji da halitta da ruhin ɗan Adam bai dace da abin da ake koyarwa a masallaci ko a yawancin coci-coci ba. Wannan gaskiya ne. Amma karanta mutum daban, bin sa daban. A zaurukan malamanmu an daɗe ana karanta waƙoƙin Larabawan jahiliyya irin su Imru'ul Ƙaisi don lugga da balaga, ana karanta manɗiƙi wanda asalinsa daga Girkawa yake, ba wanda ya ce malaman sun bar hanya. Hasali ma su Amurkawan sun sha daga rijiyar Musulmi: Emerson ya rubuta gabatarwa ga fassarar Gulistan na Sa'adi mutumin Farisa da aka buga a 1865, Thoreau kuma da hikimar wannan littafi ya rufe babin farko na Walden.

Na biyu shi ne cewa falsafarsu ta "ni kaɗai" ce, tana rusa zumunci. A nan kam ina tare da masu suka zuwa rabin hanya. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma rayuwar Thoreau da kanta ta gaskata shi: filin da ya gina bukkarsa na Emerson ne, gari bai kai mil biyu daga wurin ba kuma yana yawan shiga, harajin da ya ƙi biya wani ne ya biya har ya fito. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya yi a Jami'ar Indiana, wadda aka buga a 1974 da sunan Mutumin Kirki, ya lissafa halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci da adalci. Kusan dukkansu ba sa tabbata sai a cikin jama'a. Wannan ma'auni ya fi na Emerson cika. Sai dai kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau nawa kunya da ladabi suke zame mana mayafin tsoro, mu ga ɓarna mu yi shiru don wanda ya yi ta babba ne? Ɗan gishirin Emerson ba zai ɓata miyarmu ba.

Ni ma ina da nawa ƙorafin. Dajin da Thoreau ya je neman natsuwa a cikinsa ƙasar wasu ce, 'yan asalin wurin da Turawa suka gaje tun da aka kafa Concord a 1635. Bagwari da ya ga yadda aka tashi mutanen tsohuwar Wuse aka kai su Sabon Wuse don a gina birni ba zai karanta yabon daji marar mutane ya wuce bai yi tsaki ba. Wannan karatu ne da Ba'amurke ba zai yi mana shi ba, sai mu.

Na uku, za a ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ga rubuce-rubucen ajami jibge a Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna jiran mai nazari. Haka ne, kuma wajibi ne a kanmu. Amma fassara shigo da hatsi gida ce. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa da na Indiya ya saƙa Magana Jari Ce, yau wa zai ce ba ta Hausa ba ce? Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Daren Sha Biyu daga Shakespeare a 1971, Bala Abdullahi Funtuwa ya ba mu Gandun Dabbobi daga George Orwell a 1975. Bugu da ƙari, Amurkawa sun daɗe suna nazarinmu. A jami'o'in Wisconsin da Indiana da Kalifoniya an koyar da Hausa shekara da shekaru, kuma babban littafin nahawun Hausa da Paul Newman ya fitar a 2000 muna jingina da shi a ajinmu. Wanda ya san ka ciki da bai, kai ba ka san shi ba, ai ya fi ka a ciniki.

Abin Da Fassara Za Ta Koya Mana

Na gwada juya shafi biyu na Emerson zuwa Hausa, gumi ya keto mini. Sunan maƙalar kansa ya tsayar da ni. Idan ka ce "dogaro da kai", Bahaushe zai ɗauka ana maganar koyon ɗinki ko kiwon kaji ne don kada a jira aikin gwamnati, alhali Emerson yana nufin mutum ya amince da abin da hankalinsa ya gano ko da duniya ta saɓa masa. Kalmar da Thoreau ya gina maƙalarsa a kanta kuwa, wato muryar cikin zuciya mai hana mutum cin amana, wasu kan ce "lamiri", amma ka faɗi lamiri a ajinmu kowa zai buɗe littafin nahawu. To me za mu ce? Zuciya? Imani? Tsoron Allah? Kowacce ta ɗauki wani sashe ta bar wani. A irin wannan kokawa ne harshe ke yin tsoka, kuma a nan ne ɗalibi ke gane zurfin Hausar da yake ganin ya iya.

Shawarata ga sashenmu guda uku ce. Ta farko, a ƙarfafa wa ɗaliban ajin ƙarshe gwiwa su ɗauki fassara tare da sharhi a matsayin kundin digiri, a fara da gajerun ayyuka: littafin Douglass mai babi 11, maƙalar Thoreau ta haraji, da tarihin Baquaqua. Duk sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kuma ana samunsu kyauta a intanet. Ta biyu, wannan mujalla ta ware shafi biyu a kowace fitowa don fassarar ɗalibai, a bar ƙofa a buɗe ga mai gyara da mai suka. Ta uku, ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta riƙa shirya zama ko sau ɗaya a zango, a ɗauki littafin Hausa ɗaya da na waje ɗaya a gwama su.

Kammalawa

Duk wanda ya riƙe takardar naira ashirin ya ga hoton Ladi Kwali a bayanta tana ginin tukunya. Bagwariya ce, a hannun danginta ta koyi sana'ar. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a garinmu, ta koyi aiki da injin juya yumɓu da shafen ƙyalli da gashin wuta mai tsanani. Amma randunan da suka kai sunanta Landan, suka kai ta Amurka a 1972 tana nuna gwanintarta, da hannu ta gina su irin na gida, da zanen ƙadangare da kunama da kifi irin na kakanninta. Ta karɓi wutar baƙo ta gasa yumɓun gida, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai mu yi da su Emerson da Thoreau da Douglass ke nan. Shi kuma abokina mai tambayar kifi da kaska, na ajiye masa littafin a kan katifarsa, na sa takarda a babin farko. Idan ya gama ina jiran raddinsa a fitowa ta gaba, da Hausar da ta fi tawa.